WASIƘA DAGA BAKIN KOGI: HASKE MAI GAJEREN ZANGO

Zuwa ga Edita,

A wasiƙata ta makon jiya na yi alkawarin ci gaba da zancen kacala, ciyawar nan da ta toshe mana hanyoyin ruwa daga nan har Nguru. To, ina roƙon jama'a su yi mini gafara, yau ba zan cika alkawarin nan ba, gama wata shari'a ta taso a cikin gidanmu, aka kuwa naɗa ni alƙali ba da sona ba. Na ga ya kamata in kawo ta gabanku, don na tabbata ba gidanmu kaɗai ta shafa ba.

Ga yadda abin ya ke. Ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, manomin shinkafa ne a fadamar da ke tsakanin Haɗejiya da Auyo. Babban ɗansa ya gama jami'a, ya karanta fizik, watau ilmin sanin halin haske da zafi da lantarki da motsin abubuwa. Allah ya yi wa yaron fahimta, har malamansa suka nema masa gurbin ƙarin karatu a wata jami'a ta Turai, kuɗin makaranta da na abinci duk an ɗauke masa. Abin da za ya koyo a can kuwa shi ne yadda a ke fitar da wani irin haske daga cikin iskar gas, hasken da idon ɗan Adam ba ya ganinsa ko kaɗan. Da takarda ta iso, yaro ya kai wa ubansa da murna. Uban ya sa aka fassara masa, ya ce a sake, sa'an nan ya naɗe ta ya tura ƙarƙashin tabarma, ya ce a kira ni.

Da na zo muka gaisa, ya ce, "Malam, kai ne ka shekara talatin kana koyar da kimiyya, to, ga magana. Ka san abin da ruwa ya yi mana a 2020, ka san abin da ya sake yi a 2022, har yau ban gama biyan bashin taki ba. Shanun huɗata na sayar yaron nan ya yi karatu, ina sa rai ya kama aiki ya taya ni riƙon gida. Da likita za ya koyo, ko aikin madatsar ruwa, da ni da kaina zan raka shi tasha. Amma hasken da ba a gani? Fitilar da ba ta haska ɗaki, ina amfanin man da aka zuba mata?"

Na ce, "Yaya, maganarka tana da nauyi. Ka ba ni kwana uku." Dare uku na zauna da yaron a gindin darbejiyar ƙofar gida, ni da na koya masa lissafi yana ƙarami, yau shi ke koya mini. Abin da na fahimta shi ne zan shimfiɗa muku, daidai gwargwadon yadda na shimfiɗa wa wana.

Duk wanda ya taɓa riƙe akwatin rediyo ya san gajeren zango, ya kuma ji mai gabatarwa yana cewa a neme su a kan mita 19, ko 25, ko 31. Mece ce ma'anar mitocin nan? Ka je bakin kogi ran da iska ke kaɗawa, ka dubi igiyar ruwa, za ka ga tozo bayan tozo. Tazarar da ke tsakanin tozo ɗaya da mai bi masa, ita ce zango. Muryar rediyo igiya ce da ke tafiya a sarari, haske ma igiya ne, danginsu ɗaya, bambancinsu tsawon zango kaɗai. Sai dai zangon haske ya yi ƙanƙantar da mita ba ta aunuwa da shi, sai da nanomita. Ka dubi rular ɗan makaranta, ka ɗauki ɗan layin nan mafi ƙanƙanta, watau milimita, ka raba shi gida miliyan, gida ɗaya shi ne nanomita. Jan launi na bakan gizo zangonsa wajen nanomita 700 ne, shunayya da ke ɗaya gefen wajen 400. Iyakar gonar ido ke nan. Abin da ya gaza 400 yana nan, amma ido ya makance a kansa. Shi ne masana ke kira ultrabayolet, watau na bayan shunayya.

Wanda ya ke shakkar akwai shi, ya tambayi mai walda da ya taɓa garajen aiki ba tabarau. Da rana lafiya lau, sai tsakar dare ya farka idanunsa kamar an cika su da yashi. Ba farin tartsatsin da ya gani ne ya ƙone shi ba, wanda bai gani ba ne. Wani Bajamushe, Johann Ritter, shi ya fara kama wannan haske a 1801. Ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, ya shimfiɗa takarda mai gishirin azurfa, wadda haske ke baƙanta ta, sai ya ga inda ta fi yin baƙi shi ne can gefen shunayya, wurin da ido ba ya ganin kome.

A ran nan, da wani ya tambayi Ritter amfanin abin da ya gani, da ba shi da amsa. Sai a 1877 wasu masana biyu a Ingila, Downes da Blunt, suka nuna hasken rana yana kashe ƙwayoyin cuta. A 1910 aka fara tsabtace ruwan shan birnin Marsai na Faransa da fitilar ultrabayolet. Daga takardar Ritter zuwa famfon Marsai shekara 109 ke nan. Har yau fitilar zaiba, mai zango 254, tana wannan aiki a birane da asibitocin duniya, gama zangon nan yana lalata ƙwayar gadon da ƙwayar cuta ke hayayyafa da ita. Mu ma nan muna da rabonmu kyauta. In ambaliya ta gurɓata rijiyoyi, aka rasa itacen tafasa ruwa, a bar ruwa ya kwanta, a tace shi sai ya yi garau, a zuba a farar gorar roba wadda ba ta wuce lita 2 ba, a kwantar da ita a rana tsawon awa 6, in da hadari kwana biyu. Hasken da ba a gani zai yi aikinsa. Amma fa ruwan da ya ke da laka ba ya jin wannan magani, sai tafasawa. Shuɗiyar fitilar nan kuma da 'yan kasuwa ke duba jabun kuɗi da ita, zangonta dogo ne, kada wani ya ruɗe ku ya ce tana tsabtace ruwa.

Da na kawo nan, wana ya ce, "To, ai an riga an samu fitilar. Me kuma yaron zai je nema?"

Tambaya ce mai kyau. Fitilar zaiba kamar rediyo ce da aka liƙe mamurɗinta a kan tasha ɗaya. Alhali kuwa kowane abu da Allah ya halitta, ruwa ne, ko hayaƙi, ko mai, ko dafi, yana da zangunan da ya ke haɗiyewa, nasa na kansa, kamar yadda kowane kwaɗo ya ke da makullinsa. Wanda ya ke da hasken da a ke murɗawa sannu sannu, daga wannan zango zuwa wancan, yana iya gane kowane abu da inda ya haɗiye, ya san mene ne shi, da yadda ya ke ƙulle, da yadda ya ke warwarewa. Makullan da suka fi yawa kuwa suna can ƙasa da nanomita 200, inda kusan kowane abu ke haɗiyar haske.

A nan wahalar ta ke, gama abin da ya sa zangon nan ya ke da daraja, shi ne ya sa ya ke da wuyar samu. Gilashin taga yana tare shi tun daga wajen 300. Iskar da mu ke shaƙa tana cinye duk abin da ya gaza 200, har ya zama wanda ya fara auna shi, Victor Schumann na Jamus, a 1893, sai da ya zuƙe iska ƙaf daga cikin na'urarsa. Rana tana fitar da shi, amma sararin sama yana shanye shi kafin ya iso ƙasa, wannan kuwa rahama ce, da ba haka ba da ba mai rai a bayan ƙasa. Ƙasashe masu arziki suna samunsa daga wasu manyan injuna masu kewaye, waɗanda da'irarsu ta kan kai ɗaruruwan mitoci, kuɗin gininsu kuwa sai gwamnati mai ƙarfi. Sauran jama'a fa? Su ne suka nemi hanyar da za ta zauna a kan tebur.

Hanyar ta fara da leza, fitilar da haskenta launi ɗaya ne tak, mai tafiya a miƙe kamar zaren saƙa. Theodore Maiman ya ƙera ta farko a Kalifoniya ta Amurka a 1960, da jan dutsen yaƙutu, zangonta 694. Shekara guda bayan haka, a 1961, Peter Franken da abokansa a Jami'ar Mishigan suka harba wannan jan haske cikin wani farin dutse mai kama da ƙarau, sai ga ɗan wani haske ya fito tare da shi mai zango 347, watau rabin na farko daidai. Ja ya shiga, ultrabayolet ya fito.

Yaya aka yi haka? Kun san lasifikar gidan biki. In aka buɗe ta daidai kima, muryar mawaƙi ta kan fito yadda ta shiga. In yara suka ƙure ta, sai ka ji wasu sirararan muryoyi suna tsiwa a kan ta ainihi, waɗanda mawaƙi bai yi su ba. Fatar lasifika ce aka tura fiye da ƙarfinta, ta daina bin murya sau da ƙafa. Haka ƙwayar zarra ta ke da haske. Hasken rana ko na fitila yana girgiza ta a hankali, ta mayar da shi yadda ya zo. Amma in aka tattara ƙarfin leza a wuri ƙanƙane, cikin lokaci ƙanƙane, sai girgizar ta wuce kima, zarra ta fitar da sababbin launuka waɗanda ba a zuba mata ba. Wannan shi ne tushen ilmin duka.

Malam Edita, a nan akwai labarin da ya shafe ka. Hasken da su Franken suka samu ɗan mitsitsi ne, a hoton da suka aika wa mujallar masana bai wuce ɗigo ba. Ma'aikatan mujallar suka zaci datti ne ya faɗa wa hoton, suka goge shi tas. Aka buga takarda da kibiya tana nuna wurin da ba kome. Saboda haka in ka ga wani ɗigo a wasiƙata, ina roƙonka ka tambaye ni kafin ka sa hannu.

To, dutse ya yi aiki, amma yana da iyaka. Yawancin duwatsun nan da zarar zango ya kusanci 200 sai su fara haɗiye abin da suka haifa. In kuma aka ƙara wa leza ƙarfi, dutse ya ƙone ko ya tsage, an yi hasara ke nan. Sai masana suka juya ga abin da ba wanda ya ke ganinsa da ƙarfi, watau iska. Akwai wasu irin gas waɗanda ba su cuɗanya da kome, su hiliyam, da agon, da kiriptan, da zinon. Suna riƙe da 'ya'yan lantarkinsu gam, don haka gajeren zango ya kan ratsa su ya wuce. Ba su kuma tsagewa. Ka sari kogi da adda ka ga in tabo zai zauna. Agon ɗin nan ba baƙo ba ne, shi ne masu walda ke saye a tukunya, kusan kashi 1 cikin 100 na iskar da ke shiga hancinmu a nan Haɗejiya shi ne. Zinon ne mai tsada, gama bai wuce kashi 1 cikin miliyan 11 na iska ba.

Sai dai gas yana da nasa hali. Dutse yana da gaba da baya, gas kuwa ko ta ina ka ɓullo masa ɗaya ne, saboda haka ba ya ninka haske biyu ko huɗu, sai uku, ko biyar, ko bakwai. Ku tuna lugude. Mata uku a turmi ɗaya, kowace tana daka da saurin da ta saba, amma kunnen mai wucewa yana jin bugu uku a inda da zai ji ɗaya. Haka ɗigon haske uku ke haɗuwa a zarra ɗaya su fito ɗigo guda mai saurin bugu ninki uku, zangonsa sulusin na farko. An fara ganin haka cikin gas a Mishigan a 1967.

Lugude kuwa ba ya daɗi sai hannu ya zo ɗaya, in ɗaya ta yi gaggawa taɓare su yi karo. Nan ma haka ne. Hasken da aka zuba da wanda aka haifa ba su tafiya da sauri ɗaya a cikin gas, in suka saɓa kuwa, abin da aka haifa a gaba sai ya kashe wanda aka haifa a baya. A 1973 Stephen Harris da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford suka gwada maganin abin. A zangon da su ke nema, zinon yana sa sabon haske ya wuce tsohon, agon kuwa yana sa ya yi baya. Suka gauraya su biyu bisa gwargwado, kamar mai haɗa fura da nono, har tafiyar ta daidaita, suka mai da zango 355 ya koma 118. Har gobe masana suna amfani da wannan 118 wajen auna nauyin ƙwayoyin sinadari ba tare da farfasa su ba.

Saura murɗawa. A 1966 an sami leza mai ruwan rini, i, rini kamar na marina, wadda a ke iya sauya launinta. A 1974 masana uku na kamfanin IBM, Hodgson da Sorokin da Wynne, suka haɗa irin wannan leza guda biyu cikin tururin wani ƙarfe, suka sami haske ƙasa da 200 wanda a ke matsar da zangonsa yadda a ke so. Lissafin kamar na 'yan awo ne, mudu biyu na wannan, a ƙara ko a ɗebe mudu ɗaya na wancan. Leza ta farko tana tsaye a launin da gas ya fi so, ta biyu a ke murɗawa, duk inda ta matsa sakamako ya bi ta. Daga baya aka mai da wannan dabara cikin kiriptan da zinon. Abin da a ke samu kaɗan ne ƙwarai, sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 10,000 na ƙarfin da aka zuba ba, amma kaɗan ɗin nan ya isa aiki.

A 1987 wata Bafaransa, Anne L'Huillier, tana aiki a Saclay kusa da Paris, ita da abokanta suka ƙure ƙarfin leza cikin agon, sai ga ninki bayan ninki sun jeru, har na 33, watau daga zango 1064 zuwa wajen 32. Ba wanda ya zaci haka. Da wannan ne daga baya aka sami walƙiyar haske mafi gajarta da ɗan Adam ya taɓa yi, wadda a ke kallon motsin lantarki a cikin zarra da ita. A 2023, bayan shekara 36, aka ba ta kyautar Nobel tare da Pierre Agostini da Ferenc Krausz, ita ce mace ta biyar da ta samu a fannin fizik. Labarin ya same ta tana tsakiyar koyarwa a Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin, ta amsa waya, ta koma aji ta ƙarasa darasinta. Ni tsohon malami, wannan ya fi kyautar burge ni.

Hanyar da ɗan wana ya fi ɗoki a kanta kuwa ita ce ta bututu. A kan sami siririn bututun gilashi mai tsawon 'yan mitoci, raminsa kamar kaurin gashi uku ko huɗu, a cika shi da gas, a harba walƙiyar leza ta baki ɗaya. Tana tafe tana tsukewa da kanta, har ta kai inda za ta zubar da wani kaso nata a matsayin ultrabayolet. Wane zango zai fito? Wannan ya rataya ga matsin gas da ke cikin bututun. Na ce masa, ashe kalangu ne, makaɗi ya matse tsirkiya a hammata murya ta sauya. Ya yi dariya ya ce, "Haka ne, Baffa, sai dai akasinsa. Kalangu in an matsa muryarsa ta sirance, nan kuwa in an ƙara matsi zango ya tsawaita, in an sassauta ya gajarce." A 2019 John Travers da jama'arsa a Jami'ar Heriot-Watt ta Edinbara suka nuna da wannan hanya a kan samu daga zango 110 har zuwa 400, duk a kan tebur.

Wana ya saurara har nan, sa'an nan ya ce, "Na ji dabara. Ban ji amfani ba."

Na ce, ga ɗaya da aka gani kwanan nan. Tun 1976 masana suka gane cibiyar zarrar wani ƙarfe mai suna toriyam, irin da a ke wa lamba 229, tana da wani kwaɗo da haske zai iya buɗewa, abin da ba a san wata cibiya da shi ba. A 2003 aka ce in an buɗe shi za a iya ƙera agogon da zai yi gogayya da duk agogunan duniya wajen daidaito. Amma ba wanda ya san zangon makullin daidai, sai kintace. Kamar a ce maka akwai wata tasha a gajeren zango, ba a gaya maka mitarta sosai ba. Mai rediyon da aka liƙe ba zai same ta ba har abada. A 2024 masana na hukumar awo ta Jamus a Braunschweig, tare da na Biyana ta Ostiriya, suka haɗa hasken leza cikin zinon, suka yi ta murɗawa sannu sannu, har toriyam ya amsa a kan nanomita 148 da 'yan kai. Neman shekara 48 ya ƙare a cikin ɗan kwanon gas.

Ina ruwan manomi da agogo? Wayar da ke aljihunka, wadda ke nuna maka inda ka ke a taswira, da agogunan zarra da ke cikin taurarin ɗan Adam ta ke aiki. Har wa yau, Einstein ya nuna agogon da ke ƙasa ya fi wanda ke bisa jinkiri, a 2010 kuwa masana a Amurka suka ga wannan bambanci da suka ɗaga agogo santimita 33 kacal. Ashe agogo mai kyau ma'aunin tudu da kwari ne. Mu kuwa mutanen fadama mun fi kowa sanin abin da taƙi ɗaya na tudu ke nufi, gama ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, taƙin nan ɗaya shi ke raba gonar da ta tsira da wadda ruwa ya ci. Ban ce wa wana agogon toriyam zai hana ambaliya baɗi ba, in na faɗi haka na yi ƙarya. Agogon ma tukuna a ke kan ƙera shi. Na dai ce masa Ritter ma bai san da famfon Marsai ba.

Yanzu bari in faɗi gaskiyar wana, don alƙali ba ya jin bakin mutum ɗaya. Gaskiyarsa ce, tukunya ba ta jiran shekara 109. Gaskiyarsa ce kuma da ya ce yara da yawa sun tafi ba su komo ba, iyaye suka yi shuka wasu suka girbe. Ya kuma ce ko yaron ya komo, ina wutar lantarkin da za ta riƙe irin wannan na'ura dare da rana? Duk ban musa ba.

Amma na tuna masa abu biyu. Na farko, ruwan da ke shigo mana gona ya daɗe da barin hannun damina ita kaɗai. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, lissafin masu ilmi yana da hannu a kan yaushe kogin nan zai cika, yaushe zai janye. Ilmin da aka yi a nesa yana iso mu ko mun so ko mun ƙi. Abin da ya rage mana shi ne mu zaɓa, ko 'ya'yanmu na cikin masu yinsa, ko kullum sai dai a yi a kawo mana labari.

Na biyu, labarin Hasan Ibnul Haisam, mutumin Basra, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040. Masu tarihi sun ce ya yi wa sarkin Masar, Alhakim, alkawarin zai sarrafa ambaliyar kogin Nilu. Da ya je Aswan ya ga girman ruwan, ya san abin ya fi ƙarfin zamaninsa. Ya komo da kunya, aka tsare shi a gida shekaru. Wannan mutum da ya kasa tare ruwa shi ne ya rubuta Kitabul Manazir, littafin da ya tabbatar da cewa haske ne ke shiga ido, ba ido ne ke fitar da haske ba, ya kuma koya wa duniya a gwada abu kafin a yarda da shi. Turawa suka juya shi cikin Latin suka yi ɗaruruwan shekaru suna karatunsa. A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi shekarar haske, aka tuna da cikar aikinsa shekara dubu. Madatsar da ya kasa, an gina ta a Aswan daga baya, masu gininta kuwa da madubin awo suka auna ƙasa, wanda asalin ilminsa yana komawa ga irin aikinsa. Na ce, "Yaya, ilmin haske ba baƙon gidanmu ba ne, gadonmu ne da muka bari a hannun maƙwabta."

Ga hukuncin da na yanke, in na yi kuskure Allah ya gafarta mini. Yaro ya tafi. Amma ba a bar wana da ɗawainiya shi kaɗai ba. Ni na ɗauki kuɗin 'yan ƙwadago na dashe da na girbi daga cikin fanshona, har shekara uku. Yaron kuma ya yi alkawari gaban iyayensa da limamin unguwa zai riƙa aiko da wani abu daga guzurin da a ke ba shi, in ya gama kuma ya komo ya koyar a ƙasar nan, ko da shekara biyar ce. Muna da jami'a a Dutse, muna da ita a Kafin Hausa, ga kwalejin kimiyya da fasaha a nan cikin Haɗejiya, ba za a rasa allo da ɗalibai ba. Abin da ke zama a kan tebur kuwa, wata rana tebur ɗin yana iya zama namu.

Wana bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ya yi shiru har aka kira la'asar. Da muka fito masallaci ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, wannan agon da ka ce yana cikin iska, har da iskar gonata?" Na ce har da ita. Ya ce, "Ikon Allah. Shekara sittin ina shaƙar abu ban san sunansa ba." Jiya da safe matarsa ta gaya wa uwargidana takardar ta bar ƙarƙashin tabarma, ta koma cikin akwatin da ya ke ajiye takardun gona. Abin da wannan ke nufi, mu jira mu gani.

Jama'a, na san akwai iyaye da yawa a Guri, da Kiri Kasamma, da Malam Madori, da Birniwa, waɗanda irin wannan takarda ta iso musu, ko za ta iso. Ban ce kowa ya bi hukuncina ba, gama kowa ya san nauyin gidansa. Roƙona ɗaya ne, kafin a ce wa yaro karatunsa ba shi da amfani, a ba shi dare uku ya yi bayani, dangi kuma su taru su raba nauyin, kada a bar uba shi kaɗai ya zaɓa tsakanin gonarsa da ɗansa. Wanda ya ga na karkata, ga shafi a buɗe, ya rubuto, Edita ba ya rowar fili.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma ga kacala. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga ambaliya, ya ƙara wa 'ya'yanmu ilmi mai amfani, amin.

Haza wasalam.

Naku,
Tsohon Malami,
Bakin Kogi, Haɗejiya.